Wa ya ce cin amana laifi ne, Allah ko jama'a?

A wannan shafi muke kawo maka a rubuce abin da aka tattauna a shirinmu, saboda wanda aikin gona ko tafiyar kasuwa ta hana shi saurare, da kuma 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka da muryarmu ba ta isa gare su sosai idan hadari ya taso.

Tambayar wannan karon wani matashi ne ya aiko ta daga Kolokonde, a kan hanyar Jugu zuwa Pehunko. Ɗan ajin ƙarshe ne na sakandare, ajin da ake ce wa tarminal. Ya ce da safe a darasin falsafa an koya musu cewa jama'a ce ke ƙera halin kirki, kamar yadda take ƙera yare da sutura. Da daddare kuma a zaure malam ya karantar da su cewa mai kyau shi ne abin da Allah ya ce yana da kyau, mummuna shi ne abin da ya hana. To wanne zai riƙe?

Layin waya ya cika a daren nan. Akwai wanda ya bugo daga Faraku ya ce tambayar kanta saɓo ce, kada mu buɗe mata ƙofa. Ni dai ban ga haka ba. Manyan malaman Musulunci sun shafe ɗaruruwan shekaru suna wannan muhawara da sunayensu da littattafansu, ba wanda ya ce musu su yi shiru. Kuma maganar ba ta ɗalibai kaɗai ba ce. Je ka kasuwar shanu ta Kolokonde ka gani. Bafulatani Musulmi ya kawo sa, mahauci daga kudu, wataƙila Kirista, wataƙila mai bin vodun, ya saya, wani lokaci ma rabin kuɗin sai kasuwa mai zuwa. Idan halin kirki na masu addini ɗaya ne kawai, me ya sa wannan zai yarda da wancan? Idan kuma kowace jama'a da nata, to wa zai ce wa wata al'ada ba ta da kyau?

Bari mu fara da abin da malamin safe yake nufi. Galibi daga wani Bafaranshe mai suna Emile Durkheim ake ɗauko wannan ra'ayi, masanin zamantakewa ne da ya rasu a 1917. Cewa ya yi dokokin ɗabi'a suna zo mana kamar daga sama, suna da nauyi da kwarjini, domin jama'a ta girme mu, ta riga mu zuwa duniya, kuma za ta wanzu bayanmu. Muryar da kake ji a zuciyarka tana ce maka kul, a wurinsa, muryar iyaye ce da unguwa da kakanni, ta shige ka tun kana goye har ka ɗauka taka ce. Hujjarsa mai ƙarfi ita ce bambancin al'adu. A gidan Bahaushe ko Bafulatani na da, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ke nan, abin yabo. Kai wannan hali Faransa, sai a ce uwar ba ta son ɗanta. A nan yaro yakan durƙusa ya gaida babba, a wani gari ana ganin durƙuson ƙasƙanci ne, har a cikin Musulmi ma ana jayayya a kansa. Wannan gaskiya ne, ba mai musu.

Malamin dare kuma ba shi da abokin gardama a yawancin gidajenmu. Amma akwai wata tsohuwar tambaya da ake yi masa, tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, a cikin wani rubutu na Aflatun, masanin falsafar Girka. Ga ta a saukake: abu yana zama mai kyau ne saboda an umarta daga sama, ko an umarta ne saboda dama mai kyau ne? Idan ka ce na farko, sai a ce maka ashe da an umarci zalunci da ya zama alheri. Idan ka ce na biyu, sai a ce maka ashe akwai wani ma'auni da ya riga umarnin. Ka ga gaba kura baya sayaki.

Musulmi ba su jira Turawa sun kawo musu wannan tambaya ba. A Basra ta ƙasar Iraki, tun ƙarni na 8, aka sami malaman da ake kira Mu'utazila, mabiyan Wasil ɗan Aɗa'u wanda ya rasu a 748. Su suka ce hankali yana gane munin zalunci da ƙarya, da kyan adalci da godiya ga wanda ya yi maka alheri, ko da wahayi bai sauka ba. Wahayi yakan zo ya ƙarfafa wannan, ya kuma ƙara abin da hankali ba zai kai gare shi ba, kamar yawan raka'o'in salla ko watan da za a yi azumi. Babban malaminsu na baya, Alƙali Abdul-Jabbar, wanda ya rasu a 1025, ya yi dogon rubutu a kan haka.

Sai Abul Hasan al-Ash'ari ya taso. Shi ma a cikinsu ya girma, har ya kai wajen shekara arba'in, sannan ya bar su. Ya rasu a Bagadaza wajen 936. Matsayinsa shi ne, ba wani a sama da Allah da zai kafa masa doka, saboda haka hukuncin cewa wannan aiki lada ne, wancan zunubi ne, daga shari'a yake fitowa. Wannan ita ce aƙidar da mafi yawan zaurukanmu na Afirka ta Yamma suka gada, ta hanyar littattafai irin su Ummul Barahina na Shehu Sanusi mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Don haka malamin zauren Kolokonde ba daga kansa ya ƙago maganar ba, tana da dogon asali.

Amma a nan ne mutane da yawa suke tsallake wani abu. Malaman Ash'ariyya na baya, irin su Imam Gazali da Fakhruddin Razi, ba su ce mutumin da bai ji wa'azi ba kamar dabba yake ba. Sun yarda cewa kowane ɗan Adam yana jin ƙyamar a zalunce shi, yana gane cewa ilimi kamala ce, jahilci tawaya, yana bambance abin da ke amfani da abin da ke cutarwa. Inda suka kafe shi ne maganar sakamako a lahira: ba a ce wa mutum zai sha azaba a kan abu sai saƙo ya iso masa. Suna kafa hujja da aya ta 15 a Suratul Isra'i, wadda ke nuna ba a yin azaba kafin a aiko manzo. Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙandi, wanda ya rasu a 944, ya tsaya a tsakiya: Allah ne mai hukunci, amma ya sa wa hankali ikon gane wani ɓangare na kyau da muni. Ibn Taimiyya ma, wanda ya rasu a 1328, wanda 'yan'uwanmu Ahlus Sunna suke yawan ambata, ya tafi a kan cewa ayyuka suna da kyau da muni a cikin kansu da hankali ke iya ganewa, sai dai azaba tana jiran isowar saƙo.

Ka lura da abu guda. A cikin waɗannan malamai duka, ba wanda ya ce jama'a ce tushen alheri. Duk sun ce daga Allah ne. Rigimarsu a kan ƙofa ce: ta wace ƙofa sanin alherin yake shigowa zuciyar mutum, ta littafi kaɗai ko har da hankali da fiɗira, wato halittar da aka yi mutum a kanta? Kiristoci ma suna da irin wannan magana. A sura ta biyu ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Bulus ya yi bayanin al'ummai da ba a ba su Attaura ba amma suna aikata abin da ta ƙunsa, domin lamirinsu yana yi musu shaida. Daga baya wani babban malaminsu, Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya gina koyarwa guda a kan haka.

To bari mu bar littattafai mu shiga kasuwa, don a kasuwa ne ake gane mai amana.

Kimanin shekara ashirin kafin a aiko Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani ɗan kasuwa daga Zubaidu ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka. Wani babban mutum, Asi ɗan Wa'ilu, ya karɓi kayan ya hana kuɗin. Baƙo ne, ba shi da dangi a garin, ba mai tsaya masa. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubaisi ya ɗaga murya yana kai ƙara ga Ƙuraishawa. Zubairu ɗan Abdul Muɗɗalibi ya ji abin ya dame shi, wasu gidaje suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana, suka yi rantsuwa cewa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, za su tsaya masa har a mayar masa da haƙƙinsa. Suka je suka karɓo wa Bayamanen kayansa. Ana kiran wannan yarjejeniya Hilful Fuduli. Waɗanda suka ƙulla ta masu bautar gumaka ne, Alƙur'ani bai sauka ba tukuna. Annabi yana wurin yana saurayi, kuma bayan annabci ya yabe ta, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa irinta a cikin Musulunci zai amsa. Haka nan sunan Al-Aminu, mutanen Makka ne suka sa masa tun kafin wahayi, wanda ke nuna sun san darajar amana. Ranar hijira kuma ya bar Sayyidina Aliyu a baya don ya mayar wa mutanen Makka ajiyarsu, alhali su ne suke neman ransa. Wanda yake ganin halal ne ya cinye kuɗin wanda ba addininsu ɗaya ba, sai ya tsaya ya dubi wannan.

Irin wannan labari ya faru a ƙasarmu, ba sau ɗaya ba, shekara da shekaru. Jugu da Faraku da Nikki duk hanyar goro ce ta raya su. Fatake sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu, su sauka a nan, sannan su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja, a Gana ta yau. Suna tafe da kanwa da tufafi da jemammiyar fata da busasshiyar albasa, su komo da goro. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da ayari irin wannan a Kaiama a 1826, ya rubuta cewa mutanensa sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya masu yawa kamar haka.

Yanzu ka yi tunani. Fataken Musulmi ne. Sarakunan da suke ratsa ƙasarsu, yawancinsu a wancan lokaci suna kan addinin gargajiya. A Jugu sarki yana zaune a Kilir, 'yan kasuwa da malamai suna Wangara. Ba alƙali ɗaya da ke kan kowa, ba littafi ɗaya da duka suka yarda da shi, ba jandarma. Duk da haka madugu yakan zauna da sarki a yanka kuɗin fito, a biya, sarki ya ba da kariya a cikin ƙasarsa. Baƙo yakan sauka a gidan maigida ya ajiye dukiyarsa, a nemo masa dillali, a ba shi bashi ko ya bayar, a rabu sai baɗi. Ba a ce ba a yi fashi ba, an yi, hanyar Borgu ta yi suna da shi, shi ya sa ayari ke tafiya da makamai. Amma da a ce cin amana ne ya fi yawa, da cinikin bai kai shekara ɗari biyu yana gudana ba.

Kowane ɓangare zai iya janye wannan labari zuwa gefensa. Mai bin Durkheim zai ce maslaha ce: sarkin da ya ci amanar ayari, baɗi ayari zai sauya hanya ya rasa kuɗin fito, maigidan da ya taɓa kayan baƙo sunansa zai ɓaci daga Kano har Salaga. Mai imani zai ce to me ya sa Bahaushe da Babarge da Bayom da Bagwanje, waɗanda ba su tashi a gida ɗaya ba, duka suka riga suka san cewa karya alkawari abin kunya ne, ba sai an fassara musu ba? Yare ya bambanta, abinci ya bambanta, gaisuwa ta bambanta, wannan kuwa bai bambanta ba. A ganina wannan tambaya ta biyu ta fi nauyi, kuma maslaha kaɗai ba ta amsa ta, domin akwai maigidan da ya riƙe kayan baƙon da ya mutu a hanya har magada suka zo, a lokacin da ba wanda zai sani in ya cinye.

Harshenmu ma yana da abin cewa. A 1974 wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa ɗan littafi a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya lissafa halaye goma. Ka ɗauki kalmomin ka juya su. Amana da adalci da hikima da ladabi da karamci, har da hankali, duk daga Larabci suka shigo, tare da malamai da littattafai. Amma kunya tamu ce ta gida. Mutunci daga kalmar mutum ya fito. Gaskiya ma ba a aro ta daga Larabawa ba. Ashe kafin Musulunci ya iso, Bahaushe yana da sunan gaskiya a bakinsa, Musulunci ya zo ya ƙara masa wasu sunaye, ya ɗaure su da hisabi. Wannan ya yi daidai da hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, mai nuna cewa an aiko Annabi ne don ya cika kyawawan halaye. Ba a cika abin da babu ko kaɗan. Kalmar ma'arufi ma da ake cewa a yi umarni da shi, asalinta abin da aka sani.

Har yanzu dai maganar tana da daɗi. Akwai inda take ɗaci, kuma dole mu taɓa.

A wasu ƙauyuka na arewacin ƙasar nan an daɗe da wata al'ada. Jaririn da ya fito da ƙafafu maimakon kai, ko wanda haƙorin sama ya fara fito masa, ana ɗaukarsa mai kawo masifa ga gida. Wani a halaka shi, wani a kai shi rugar Fulani a bar shi can, kuma daga cikin irin waɗannan yara ne wani ɓangare na mutanen da ake kira Gando suka samo asali. Ba don a ci mutuncin wata ƙabila muka kawo wannan ba. Larabawa sun binne 'ya'ya mata da rai har Suratut Takwiri ta yi magana a kai, a yankin Kalaba ta Najeriya an kashe tagwaye, kowace al'umma in ta tona tarihinta za ta sami nata. Wani limamin Katolika ɗan wannan yanki, Fada Pierre Bio Sanou, ya shafe shekaru yana yaƙi da abin, limaman Musulmi da ungozomai da ma'aikatan asibiti sun yi nasu, kuma dokar kare yara ta ƙasar Benin ta ranar 8 ga Disamba 2015 ta tanadi hukunci a kansa.

To idan jama'a ce kaɗai ke yanke abin da ke daidai, ka ga uwar da ta saci jiki da dare ta gudu da jaririnta ita ce mai laifi, domin ta karya dokar jama'arta. Bafulatanin da ya karɓi yaron ya ba shi nono shi ma ya shiga abin da ba nasa ba. Amma ba wanda ya bugo waya a daren nan da ya yarda da haka. Kowa ya ce uwar ce ke kan gaskiya, kuma tana kan gaskiya tun a wancan daren, ba sai da aka sa hannu a doka a 2015 ba. Da zarar ka faɗi haka, ka auna al'ada da wani ma'auni da ya fi al'ada tsawo. Masu bin Durkheim suna da amsa: sukan ce jama'a tana da ƙa'idoji masu zurfi, kamar son ɗa, da marasa zurfi, kuma mai gyara yakan ɗauki mai zurfin ya buge marar zurfin. Amsa ce mai ma'ana. Sai dai ba ta faɗa mana dalilin da ya sa son ɗa ya cancanci ya yi nasara a kan tsoro ba, ta dai ce ya yi.

Ɗaya ɓangaren ma kada ya yi saurin tafi. Dattawan da suke yanke wa jariran nan hukunci ba cewa suke yi ra'ayinmu ne ba, cewa suke yi abin da ba a gani ne ya buƙata. Faɗin cewa umarni daga sama yake ba ya wanke umarnin. Ranar 17 ga Afrilu 2025 an kashe sojojin Benin 54 a yankin gandun dajin W, kuma waɗanda suka ɗauki alhakin da sunan addini suke magana. Masu sauraronmu na Najeriya da Nijar sun fi mu sanin wannan ciwo, sun ga abin da Boko Haram ta yi wa kasuwanni da masallatai da makarantu. Allah bai yi magana da ɗan bindigar nan kai tsaye ba. Wani mutum ne ya karanta masa, ya fassara masa, ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai ɓoye. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba amma ta ce wannan ba addini ba ne, da me ta gane? Da abin nan da Maturidi ya ce an sa a cikin hankali.

Sai maganar bauta, wadda ta fi kowacce wuya domin ta shafi kowa. Hanyar goron da muka yaba ita ce kuma hanyar bayi, Salaga babbar kasuwarsu ce. Jama'a ta yarda, sarakuna sun yarda, littattafan fiƙihu suna da babi-babi a kan hukuncin bawa. Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawa a 1615 yana hana a bautar da Musulmin Kano da Katsina da Barno da Songhai, amma bai rushe bautar kanta ba. A bakin teku kuma, Turawa Kiristoci suna loda mutane a jiragen ruwa daga Wida. Faransa ta fitar da dokar hana cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma a Disamba 1905, a arewacin Najeriya kuwa sai 1936 aka kammala soke bautar a doka. Yau ba limamin Jugu ko fada na Faraku da zai hau mumbari ya kare ta. Nassi bai sauya ba, ko harafi ɗaya. Mai imani zai ce irin yana cikin nassin tun farko: 'yanta bawa kaffara ce, kuma yana cikin wuraren da ake kashe zakka. Haka ne. Amma irin ya daɗe a ƙasa kafin ya tsiro, kuma ruwan da ya tsirar da shi ya haɗa da tawayen bayin kansu da sauyin zamani da matsin wasu al'ummai. A nan dole mai imani ya yarda cewa fahimtar mutane ga umarnin Allah tana girma a cikin jama'a, kuma wani lokaci na waje ne ke fara nuna maka abin da ke cikin littafinka.

Shi ya sa nake ganin tambayar ta haɗa abu biyu a buhu ɗaya. Daga ina nauyin alheri yake, har ya zama wajibi a kaina ko ba mai gani, ko duk gari sun ce akasinsa? Ni a matsayina na Musulmi amsata Allah, kuma ban ga yadda ƙidayar hannun jama'a za ta haifar da irin wannan nauyi ba. Amma a ina na koye shi, a bakin wa, da wane yare? A bayan uwata, a tsakar gida, a makarantar allo, a kasuwa. Wanda bai yi imani ba zai ƙi amsata ta farko, haƙƙinsa ne, kundin tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya ce ƙasar nan ba ta da addinin hukuma, kowa da nasa. Sai dai ni da shi za mu iya zama mu yi gardama a kan ko wani aiki zalunci ne, mu fahimci juna, kamar yadda madugu da sarkin Kilir suka fahimci juna.

Mazhabar Malikiyya da muke bi ta ba al'ada gurbi a fili. Abin da ake kira urfu yana shiga hukunci a inda nassi bai yanke ba: yawan sadakin da ya dace da mace irin wannan, abin da ake nufi da mudu a wannan kasuwa, wa ke biyan la'ada tsakanin mai saye da mai sayarwa. Shihabuddin Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya yi gargaɗi cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya, kuma kada mai fatawa ya ɗora wa baƙo al'adar garinsa. Sharaɗin dai kada al'adar ta halatta zalunci ko abin da aka haramta ƙarara.

Wani mai sauraro daga Segbana ya yi tambaya ta ƙarshe, ya ce in dai kowa ya san cin amana laifi ne, malamai kuma kullum suna wa'azi, me ya sa har yanzu ake cutar makiyayi a kasuwa? Amsar da ta zo mana daga Gogunu take, a jihar Alibori. A da, makiyayi yakan kawo sa ya miƙa wa dillali, ya koma gefe ya zauna. Dillali ya yi ciniki da mai saye a ɓoye, ya dawo ya faɗi kuɗin da ya ga dama, ragowar ta shige aljihu. Dillalan nan Musulmi ne, suna salla, sun sha jin cewa ha'inci haramun ne. Makiyayan Gogunu suka haɗa kai suka sauya tsarin kasuwar. Mai dabba da mai saye suka riƙa yin ciniki ido da ido. Ba a kori dillalan ba, an mayar da su shaidu: su tabbatar dabbar ba ta sata ba ce, su shaida cinikin, a biya su daga ɗan kuɗin da ake karɓa a kan kowane kai, magatakarda ya rubuta takarda. Daga baya wasu kasuwannin dabbobi na arewacin Benin suka ɗauki wannan tsari, kuma kuɗin da ake tarawa yana shiga gyaran kasuwar da ayyukan gari.